Kurar Ustaz Fikri

Lahadi, 23 ga Oktoba, 1977, bayan La'asar

Ba ni na yanka ragon ba. Bari in fara rubuta wannan kafin komai, tunda tun safe malamai ke kallona kamar ni na riƙe masa ƙafafu.

Ustaz Fikri ne ya yanka, Bamisiren da aka kawo makarantarmu ta nan Gusau a watan Janairu don ya koyar da lissafi, ya ƙare da riƙe ƙungiyar ƙwallo. Jiya da hantsi, kafin wasanmu da makarantar Tsafe, ya sa aka kai rago bayan ragar gabas. Ya yi bisimilla ya yanka, ya tsoma tafinsa cikin jinin ya buga a jikin turakun raga, biyu nan biyu can. Naman ya aika kicin a dafa wa yara. Muka ci Tsafe biyu da nema. Sai da aka tashi malamansu suka ga shatin hannun, suka fara tara mutane. Jiya kuwa ranar ziyara ce, fili cike da iyaye.

Kawu Ɗahiru, ƙanin mahaifiyata, shi ne shugaban iyayen yara, daga Bungudu ya zo. Ya matsa gaban Ustaz cikin ladabi ya ce, "Malam, wanga jini na mi na?"

Shi kuma ya dafa ƙirji yana murmushi, da gurguwar Hausarsa: "Don kura na yanka, ya Hajj. Mu a Masar kura cikin jini take. Babana ya son kura, ni ina son kura, ɗana zai son kura. Juma'a, bayan salla, duk Masar wajen kura."

Wani tsoho ya fara salati. Ustaz ya ga fuskoki sun canza, ya waiwayo ya dube ni. Ina ɗaure igiyar takalmina a lokacin.

Da Larabci kura ita ce ƙwallo, duk wanda ya buɗe littafi ya sani. Amma ni a aji aka ɗauke ni in koyar da Larabci da addini, ba a ɗauke ni tafintan kowa ba.

Litinin, 24 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Yara goma sha ɗaya iyayensu sun kwashe. Wasu da suka ci naman sun wuni suna kakarin amai, alhali ranar har ƙashi suka tauna. A kasuwa an ce wai Balarabe yana kiwon kura a bayan kwatas, da dare yake sakinta.

Mutanen Tsafe kuwa baki har kunne. Shekara da shekaru muna tsokanarsu da sunan garinsu, yau sun sami abin faɗi. Sun rubuto a soke wasan.

Talata, 25 ga Oktoba, bayan Magariba

Shekara shida ina riƙe da ƙungiyar nan. Shekara shida. Da na same ta yara da ƙafa tsirara suke buga lemun tsami a bayan aji. Ni na je Bungudu na sa aka saro turakun nan da yake shafa wa jini, ni na share filin da ƙaya ta cinye, ni na koya musu cewa gola ba ya fita yawo. Watan jiya Mista Luka, shugaban makaranta, ya kira ni ofis ya ce in miƙa wa Ustaz usur, wai su Misirawa sun fi mu sanin harkar. Ko kujera bai ce in zauna ba.

Sun fi mu sani, to mun ji. Mun ji har kunnenmu ya gaji. Ba a shan shayi a ofishin malamai sai an ji Masar ta buga Kofin Duniya tun 1934. Rannan a gaban kowa Ustaz ya ce mini, "Ya Mas'ud, lokacin nan babanka bai taɓa ganin ƙwallo ba." Da Larabci ya faɗa, yana dariya yana dukan kafaɗata. Babana manomi ne, bai ga ƙwallo ba har ya koma ga Allah, kuma bai rasa komai ba. Sannan kofin Afirka na farko nasu, na biyu nasu. Sannan Ahli, ƙungiyarsa mai jar riga, wadda in ta sha kashi ba ya cin abinci. Ya ce a garinsu, Tanta, ɗan Ahli ba ya zama teburi ɗaya da ɗan Zamalik ranar wasa ko uwarsu ɗaya. 'Yan wasan 1959 kuwa yana jero sunayensu kamar mai jan carbi.

Da Nijeriya ta zuba wa Masar huɗu da nema a Legas, ranar takwas ga wata, cewa ya yi ciyawar filin ce ta yi tsawo. Da suka rama uku da ɗaya a Alƙahira ranar Juma'ar da ta wuce, sai ga babban mutum mai digiri a guje tsakanin gidajen malamai, cikin kayan barci masu zane-zane, yana kaɗa jan ƙyalle. A ƙofata ya tsaya ya fi daɗewa.

Ba ni na yanka ragon ba.

Alhamis, 27 ga Oktoba, da safe

Ustaz ya gane. Wani ya nuna masa hoton kura a littafin 'yan aji ɗaya. An ce sai da ya zauna a ƙasa.

Alhamis ɗin dai, bayan Isha'i

Ya bi aji-aji yana rantsuwa ƙwallo yake nufi. Yaran ƙungiya ma sun faɗa, sun ce kullum haka yake kiranta. Kawu Ɗahiru ya ce yaron da aka ba nama me zai ce, kuma da Hausa mutumin ya yi magana ranar, ba da Larabci ba.

Ɗazu Ustaz ya zo ƙofata ya yi sallama sau uku. Na ce wa matata Saude ta ce ina wanka. Ta faɗa masa, ta dawo ta tsaya a kaina tana kallon busasshiyar ƙafata. Na tsani wannan kallon nata.

Asabar, 29 ga Oktoba, Bungudu, bayan Azahar

Kawu ya aiko in zo. Na same shi a zaure da dattawa huɗu, ana ta sussukar gero a waje. Sun rubuta takardar ƙara da ajami, suna so in mayar da ita Turanci a kai wa kwamitin makaranta, a sallami mutumin. Na ce hannuna na ciwo, a ba wani.

Kawu bai matsa ba. Ya ce ba komai, ai na riga na yi nawa. Na ce wane nawa. Ya ce, "Kai kas san Larabci duk cikinmu, kuma kana tsaye wurin. Da ƙwallo yaka nuhi, da ka hwaɗi tun sannan. Shirunka munka riƙa, ɗana. Shi na hujjarmu."

Aka kawo fura, na kasa sha. Duk hanyar dawowa cikin mota ina jin haushin Kawu, ina jin haushin direba, ina jin haushin wata mata da ta ɗora mini kaji a cinya.

Litinin, 31 ga Oktoba, ƙarfe goma

An dakatar da Ustaz daga aji. Kwamiti zai zauna ranar sha huɗu ga Nuwamba. In suka same shi da laifi za a soke kwangilarsa, a rubuta dalili a takardarsa, a mayar da shi gida.

Mista Luka ya ba ni usur in riƙa kafin nan. Yau ya ce in zauna.

Laraba, 2 ga Nuwamba, bayan La'asar

Na fitar da yara fili. Na sa an kankare turakun da wuƙa an shafa farar ƙasa. Gudu suke kamar waɗanda aka yi wa dole. Na ce a yi layi biyu yadda muka saba, suka ce Ustaz da'ira yake sa su, su karanta Fatiha tare kafin a taɓa ƙwallo. Na ce Ustaz ba ya nan. Na daka musu tsawa har muryata ta dushe.

Kuma dai a bar maganar kura, shafa jini a turke mene ne? A wane littafi ya gani? Ya ce a ƙasarsu in an yi sabon gida ko sabuwar mota haka ake yi, maganin baki da ido, yankan kuma sadaka ne. To can ƙasarsu. Ni malamin addini ne, ba zan tsaya in ce daidai ne ba. A kan wannan nake tsaye, kuma ba wanda zai ce na yi ƙarya.

Juma'a, 4 ga Nuwamba, bayan saukowa

A masallaci sahun da Ustaz ya tsaya ya yi giɓi dama da hagu. Ya rame. Na fita ta ƙofar arewa.

Lahadi, 6 ga Nuwamba, da hantsi

Saude ta aika masa tuwo ba ta tambaye ni ba. Na yi faɗa sosai, na ce so take a ce gidana ake ciyar da mai kura. Ta bari na gama, ta ce mutum ba mata kusa, ba mai sayar masa da ko albasa a kasuwa, a bar shi ya mutu ne? Sannan ta ce, "Malam, rannan da kad dawo kana dariya har kana riƙe ciki, kac ce ka ɗana ma Balarabe tarko, wane tarko na?"

Na ce ban tuna ba. Na ce mace ta tsaya ga tukunyarta. Na fita na zaga har tashar jirgi na dawo, ba abin da na je yi.

Talata, 8 ga Nuwamba, ƙarfe ɗaya

Mista Luka ya ce kwamiti na so in ba da shaida, ni kaɗai ne malamin da ke kusa ranar. Ya ce tambaya ɗaya ce: abin da Ustaz ya faɗa, dabba yake nufi ko ƙwallo. Ya cire tabarau ya ce shi Kirista ne, in ya sa baki a maganar yanka da jini za a ce ya shiga abin da ba nasa ba, don haka abin yana hannuna.

Yanzu ya san da ni. Da zai ƙwace mini ƙungiya bai nemi shawarata ba.

Alhamis, 10 ga Nuwamba, bayan Asuba

Zan rubuta sau ɗaya, ba don na yi wani babban abu ba.

Su Misirawa a bakinsu ba kura suke cewa ba, kora suke cewa. Satin da aka ba shi ƙungiya ya zo mini da ɗan littafin da yake rubuta kalmomin da nake koya masa. Ya ce in ya ce kora yara na dariya, mene ne sunanta da Hausa. Na ce kora a wurinmu sallamar mutum ce daga aiki, kada ya ƙara faɗa. Wannan gaskiya ne. Sai na ce ya faɗe ta yadda take a littafi, kura, mu ma haka muke cewa, mun ara daga Larabci kamar yadda muka ari alƙalami da sabulu. Ya ji daɗi ƙwarai, ya rubuta, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Wasa ne. So nake in ji shi a fili yana ihu a kama kura, gola ya rungume kura, a ba shi kura a ƙafa. Na ji kuwa, na yi dariya har hawaye. Yara ma suna ta dariya ba wanda ya gyara masa, shi kuma yana cewa yaran Nijeriya akwai fara'a.

Wa ya san zai sayi rago? Ni na ce ya sayi rago?

Asabar, 12 ga Nuwamba, bayan Magariba

Tunisiya ta ci mu ɗaya da nema, a Legas, a gidanmu. Kuma ɗan bayanmu ne ya sa wa ƙwallo kai ta faɗa ragarmu. Kofin Duniya ya wuce mu. Na kashe rediyo na zauna a dakali, raina a ɓace.

Sai ga Ustaz. Wannan karon ba wanka da zan fake da shi. Na zaci dariya ya zo yi, tunda faɗuwarmu ta buɗe wa Masar hanya, har na shirya abin da zan mayar masa. Ya zauna a gefena ya ce ya zo jaje ne. Ya ce wanda ya ci gidan nan yake tausayi, yau ba zai yi barci ba, kuma shekara talatin nan gaba da wannan za a riƙa tuna shi, duk ƙwallayen da ya tare an manta.

Da Larabci muka yi hira. Ya ba ni labarin babansa, wanzami ne a Tanta. A 1959 ya rufe shago ya ɗauke shi a jirgin ƙasa zuwa Alƙahira, yana ɗan shekara goma sha biyu, suka ga Masar ta ci Sudan ta ɗauki kofi. Ya ce ranar kaɗai ya taɓa ganin babansa na kuka, ya rungume wani ƙato da bai sani ba. Bayan yaƙin 1967 aka dakatar da gasa shekara huɗu, tsohon yana zama ranar Juma'a gaban rediyo a kashe. Cikin shekarun nan ya rasu. Ya ce abin da yake so ya gaya wa Hajj Ɗahiru ke nan ranar, cewa abin gado ne a wurinsu, Hausarsa ce ba ta kai ba.

Sannan ya dafa gwiwata ya ce, "Na san abin da ya hana ka magana, ya Mas'ud. Kawunka ne, ba ka iya kunyata shi gaban jama'a. Mu ma haka muke. Kalmar kuma laifina ce, kunnena ne bai kama yadda ka faɗe ta ba. Kai malamina ne, na gaya wa Mista Luka ba wanda na yarda da shi a garin nan kamarka."

Na ji kamar in kwaɗa masa mari. Wane irin mutum ne wannan? Ya zage ni mana, ya ce na cuce shi, in sami abin riƙewa. Ya tashi ya tafi yana gode wa Saude tuwo.

Lahadi, 13 ga Nuwamba, da rana

Ina iya cewa ƙwallo yake nufi in yi shiru a nan. Kawu zai tambayi abin da ya hana ni faɗa tun ranar, in ce na ruɗe. Ba za su yarda ba, za su ce Luka ya saye ni. Ba za su yarda ba sai sun ji inda ya samo kalmar.

Litinin, 14 ga Nuwamba, bayan La'asar

Na faɗa.

Mutum bakwai a ɗakin karatu, Kawu a tsakiya, Ustaz a kujera shi kaɗai gefen taga. Na ce ƙwallo yake nufi. Kawu ya ce in haka ne mi ya hana ni magana. Na ce saboda ni na koya masa, kuma da gangan na koya masa, na san abin da take nufi da Hausa, na yi don a yi masa dariya saboda an ba shi ƙungiyata. Na ce ya buɗe ɗan littafinsa su gani. Ya buɗe, ga ta nan da layi biyu a ƙarƙashi, ga kwanan wata.

Ustaz bai bi Hausar duka ba. Ya ce a fassara masa. Duk ɗakin ba mai Larabcin da zai iya sai ni. Sai da na maimaita komai daga farko, da harshensa, ina kallonsa.

Ya rufe littafin ya sa a aljihu.

Kawu ya ce, "Sati ukku ka bar ni ina yawo da takarda, ina ɓata sunan Musulmi, ka sa ni ɗaukar alhaki da hurhurata." Ya tashi ya je har gaban Ustaz ya ba shi hannu ya nemi gafara. Da zai fita ya bi ta gabana kamar ba kowa a wurin.

An wanke Ustaz. An ja masa kunne kan shafa jini, ya ce ba zai ƙara ba. Gobe zai koma aji. Ni za a rubuto mini takardar gargaɗi, kuma na ajiye usur a teburin Mista Luka tun kafin ya tambaya.

Laraba, 16 ga Nuwamba, da yamma

Yaran da aka kwashe sun fara dawowa. Labari ya juya, yanzu ni ake nunawa a kasuwa. Su nuna. Waɗanda suka ce sun ga kura da idonsu a bayan kwatas, su ba wanda ya tambaye su komai.

Saude ta yi mini miyar da nake so ba ta ce don me ba.

Asabar, 19 ga Nuwamba, bayan Azahar

Na je Bungudu gaida Kawu. An ce yana gona. Takalmansa na ƙofar ɗaki.

Alhamis, 24 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

An dawo hutun Salla. Kwana goma ke nan ba mu haɗu da Ustaz ba, in na shigo ofishin malamai ya riga ya fita. An ce ya daina Hausa gaba ɗaya. Yara in sun gaishe shi da Turanci yake amsawa, a fili ma da hannu yake nuna musu abin da yake so. Mutumin da har masu tallar gyaɗa yake tsayarwa ya gwada sabuwar kalma.

Yau na yi sammako na tsaya a barandar ajinsa. Na kwana ina shirya magana mai tsawo da Larabci, da na gan shi tafe da alli a hannu duk ta gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ustaz, ina kwana."

Ya tsaya. Babu fushi a fuskarsa, da ma akwai. Ya amsa da Larabcin littafi, irin wanda ake yi wa baƙo:

"Wannan kuma me take nufi, ya Ustaz Mas'ud? Faɗa mini in sani kafin in amsa."

Ita ce kalmar farko da na koya masa. Ya jira kaɗan, ya shiga aji ya rufe ƙofa.